Babi na Shida: Ƙasar Daura Daga Sama

Duk bayan kwana biyar, da hantsi, daidai lokacin da 'yan kasuwa ke shimfiɗa kaya, wani tauraron ɗan'adam yana ratsa samaniyar ƙasar Daura daga arewa ya yi kudu. Sunansa Sentinel-2, na hukumar sararin samaniya ta Turai. Ba shi kaɗai ba ne, karɓa-karɓa suke yi da 'yan'uwansa: an harba na farko a 2015, na biyu a 2017, na uku ya bi bayansu a 2024. Tsakaninsa da ƙasa kilomita 786. Faɗin abin da yake kwashewa a wucewa ɗaya kilomita 290 ne, wato Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure duk suna iya shiga a tashi guda, har a haɗa da Matamaye da Magarya a tsallaken iyaka.

Abin da yake aikowa ƙasa lambobi ne zalla. Na'urar tana yanka doron ƙasa gida-gida kamar gurabun dara, ta auna hasken ranar da kowane gida ya mayar sama, ta ba shi lamba. Hoton da muke gani a kwamfuta, da korensa da jansa, sai daga baya mutum yake haɗa shi daga waɗannan lambobi. Kowane gida shi ne ɗigo ɗaya a hoton, kuma girman ɗigon nan shi ne iyakar ganin tauraron. Na Sentinel-2 mita 10 ne tsawo da faɗi. Na Landsat, tauraron Amurka da ya fi kowa daɗewa a wannan aiki, mita 30 ne, don haka gona mai hekta ɗaya ɗigo 11 kacal take samu. Landsat na farko, wanda aka harba ranar 23 ga Yulin 1972, ɗigonsa ɗaya yana haɗiye kusan rabin hekta.

To, mai karatu ya tuna yadda gonar Badauri take. Gero ne a jere, wake yana yaɗo a ƙarƙashinsa, ga gyaɗa a gefe, ga gawo a tsakiya, ga 'yar turba ta ratsa, wataƙila har da rabin rumbu a kusurwa. Duk wannan a cikin ɗigo ɗaya, kuma lamba ɗaya tak za a ba shi. Yawancin dabarun karanta hotunan nan an ƙago su ne a ƙasashen da mutum ɗaya ke shuka alkama zalla a ɗaruruwan hekta, inda dubban ɗigo ke faɗin magana ɗaya. A nan kuwa kowane ɗigo gauraye yake, kuma wanda bai san haka ba zai sa kwamfuta ta raba masa ƙasar Zango zuwa gona da saura da daji, ta kuwa raba masa, da launuka masu kyau, ko da rabin rabon ƙarya ne.

Haka abin yake a cikin gari. Katangar ƙasa da rufin soro daga ƙasar wurin aka gina su, saboda haka hasken da suke mayarwa kusan ɗaya ne da na fili. Kwano kuwa walƙiya yake yi. Wanda ya ɗora hoton Daura na shekarun 1980 kusa da na yau zai ga gari ya bunƙasa, kuma lallai ya bunƙasa. Amma wani ɓangare na abin da lissafi zai kira sabon gini tsohuwar unguwa ce da ta sauya soro da kwano, tauraro ya fara ganinta. Rugar Fulani mai bukkokin kara ba a ma maganarta a ɗigon mita 30. Shi ya sa lokacin da masu yaƙi da shan-inna suka tashi zana taswirar kowane ƙauye da kowace ruga a jihohin Arewa, a farkon shekarun 2010, sai da suka koma ga hotunan kamfanoni masu ɗigon ƙasa da mita ɗaya, sannan suka tura mutane da waya a hannu su je su tambayo sunan kowane wuri. An tarar da unguwanni da dama da babu su a taswirar hannu da masu allura ke bi.

Kafin a karanta komai daga hoto sai an yi masa gyara. Na farko shi ne a zaunar da shi daidai kan ƙasa, ta yadda mararraba a hoto za ta faɗa kan mararraba ta gaskiya. Yanzu hukumomin da ke raba hotunan sun ɗauke wa mutane yawancin wannan wahala. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen haɗa sabon hoto da tsohuwar taswirar safiyo. Tsofaffin taswirorin Najeriya an gina su ne kan ma'aunin da tushensa ke Minna, su kuwa tauraro da wayar hannu suna aiki da ma'aunin duniya mai suna WGS84. Idan ba a juya ɗaya zuwa ɗaya ba, komai zai goce da gomiya-gomiyar mita. A takarda ba a bakin komai yake ba. A gona, ya isa ya mayar da rijiyar wani cikin gonar maƙwabcinsa.

Gyara na biyu ya fi wuya, domin shi da hazo ake yi. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta rataye ta a sama. Hasken rana sai ya ratsa ƙurar nan ya sauko, ya sake ratsa ta ya hau. A hanya tana warwatsa shi, baƙi ya dishe, kore ya koɗe, duk ƙasar ta yi fari-fari kamar babu komai a kanta. Wata tsohuwar dabara ita ce a nemi abin da ya fi komai duhu a hoton, galibi ruwa mai zurfi, a ce wannan kamata ya yi lambarsa ta zama kusan sifili, duk abin da ya ƙaru a kai aikin ƙura ne, sai a cire shi daga kowane ɗigo. Dabara ce mai kyau a ƙasar da ke da tafki garai-garai. Mai neman ruwa a hoton ƙasar Daura kuwa madatsar Daberam ko ta Sabke zai samu, kuma ruwan madatsunmu yakan zo da laka, mai laka kuma ba ya yin duhu. Wanda ya ɗauke shi a matsayin sifili zai cire fiye da kima, ya ɓata sauran lissafinsa tun daga tushe. Da damina hazo ya kau, sai gajimare ya karɓe shi, a yi makonni a watan Agusta ba a sami hoto mai tsabta ba. A nan ne ake komawa ga Sentinel-1, mai aiki da rada, wanda shi yake aika nasa sigina ya jira dawowarsa, ba ruwansa da gajimare ko dare.

Idan an gama gyara sai a zo ga abin da aka fi nema, wato tsiro. Ganye mai rai yana shanye jan haske domin da shi yake haɗa abincinsa, amma yana mayar da wani haske da ke gaba da ja kaɗan, wanda idon mutum ba ya gani, na'ura kuwa tana gani sarai. Sai a ɗebe lambar ja daga lambar wancan haske, a raba abin da ya rage da jimillar su biyun. Wannan shi ne ma'aunin kore da ake kira NDVI, kuma tun farkon shekarun 1970 ake amfani da shi. Rairayi tsirara yakan tsaya wajen 0.1. Gero da ya rufe ƙasa a ƙarshen Agusta yakan ninka haka sau huɗu ko fiye.

Lissafin ba shi da wuya. Abin da ke da wuya shi ne sanin wane ne koren, kuma a nan manomin Mai'aduwa ya fi kwamfuta. Ya san gawo yana tafiya ne saɓanin sauran itatuwa: ruwa na sauka sai ya zubar da ganye, ya tsaya tsirara duk damina, gero ya sha rana a ƙarƙashinsa ya yi kauri, sai da kaka ya sake tohowa ya yi kore shar har bazara. Kuka kuwa da rani take tuɓewa. Darbejiya kusan kullum da ganyenta. Saboda haka hoton Agusta hoton gero ne da ciyawa, gawo ba ya ciki. Hoton Janairu kuwa, bayan an kwashe kara ciyawa ta bushe, duk ɗigon kore da ka gani a jigawa itace ne, amma kuka ta ɓace, sai dai a gano ta da inuwarta idan hoton mai kaifi ne. Mai son ƙidayar itatuwa da mai son kintacen amfanin gona ba wata ɗaya suke nema ba.

Daga nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne yawa. Na sha ganin rubuce-rubuce masu taswira biyu a jere, ta da can kore, ta yanzu ja, a ƙarƙashi an rubuta cewa hamada ta ci kashi kaza. Ka duba kwanan wata sai ka ga ta farko Satumba ce, ta biyu Maris. Da irin wannan zaɓi ana iya tabbatar da kwararowar hamada a cikin shekara guda, a kuma kore ta a shekara mai zuwa.

Kuskuren ya girmi tauraron ɗan'adam. A 1934 wani malamin gandun daji daga Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya ratsa arewacin Najeriya da ƙasar Nijar da rani. Ya ga rairayi, ya ga itatuwa ba ganye, ya koma gida ya rubuta a 1935 cewa Sahara na tahowa, ya ba da shawarar a kafa katangar itatuwa a tare ta. Maganar ta tayar da hankalin gwamnatocin mulkin mallaka, har Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin da ya zagaya iyakar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin ya dawo ya ce bai ga wata hamada mai tafiya ba, abin da ya gani lalacewar ƙasa ce a wurare daban-daban, kowanne da dalilinsa. Rahoton ya shiga kabad, maganar Stebbing ta ci gaba da yawo. Farin 1973 da na 1984 suka ƙara mata ƙarfi, kuma wanda ya rasa garke a waɗannan shekaru ba za a ce masa mafarki ya yi ba. Sai a 1991 Compton Tucker na hukumar NASA da abokan aikinsa suka jera ma'aunin kore na shekara goma sha ɗaya, daga 1980 zuwa 1990, suka nuna cewa bakin Sahara gaba da baya yake yi: ya gangaro kudu sosai a 1984, ruwa ya dawo, ya koma arewa. A Kano ma, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da ƙidayar da aka yi a ƙasa, ya tarar manoman karkarar Kano, duk da yawan jama'a da neman itacen girki, suna riƙe da itatuwan gonakinsu.

Darasin da ya fi kusa da Daura yana bayan Kwangwalam da Babban Mutum. A farkon shekarun 2000 Gray Tappan na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka, tare da Chris Reij da masana na Nijar, suka ɗauko hotunan jirgin sama na 1975 suka gwada da sababbin hotuna na wurare guda a jihohin Maraɗi da Damagaram. Inda a da sai itace ɗaya nan ɗaya can, suka tarar da gonaki cike da matasan itatuwa, a yankin Magarya da Matamaye da Mirya mafi yawansu gawo. Ƙiyasin da suka fitar shi ne kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Ba dashe aka yi ba. Manoma ne suka daina sassabe tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, suna zaɓen reshe ɗaya ko biyu su bar shi ya tashi, abin da a can ake kira sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a yankin Maraɗi tun 1983. Abin da ya ba shi gindin zama shi ne manomi ya fara ganin itacen gonarsa nasa ne, ba na malamin daji ba, dokar ƙasar kuma ta biyo baya ta amince.

Masu binciken sun jera hotunan ƙauyuka daga ɓangarori biyu na iyakar, na Nijar suka fi namu itatuwa. Wannan iyaka Turawa ne suka kafa turakunta tsakanin 1906 da 1908, ta raba dangi, ta raba kasuwa, amma ba ta raba ruwan sama ko irin ƙasa ba. Idan ma da bambanci, gefenmu ne ya fi samun ruwa tunda shi ne kudu. Ashe ba a sama za a nemi dalilin ba. Mu a nan ƙarfinmu ya tafi ne ga dashen layukan darbejiya da turare, tun daga shirin da Tarayyar Turai ta tallafa wa jihar Katsina a ƙarshen shekarun 1980 har zuwa aikin Babbar Koriyar Ganuwa na yanzu. Layukan nan suna da amfaninsu, kuma suna fitowa raɗau a hoton tauraro, abin da ke daɗa wa masu rubuta rahoto daɗi. Gawo ashirin da suka warwatsu a gonar talaka kuwa ɗigon mita 30 ba ya ganinsu, kuma shekaru da yawa abin da ba a gani ba a lissafa shi.

Yanzu an fara gani. A 2020 Martin Brandt na Jami'ar Kofanhegan da abokansa suka zauna suka zagaye kan itatuwa kusan 90,000 da hannu a hotuna masu ɗigon rabin mita, suka koya wa kwamfuta kamanninsu, ta ƙidayo itatuwa biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel. A 2023 aka faɗaɗa aikin daga tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, aka sami biliyan 9.9, ɗaya bayan ɗaya. Gawon ƙasar Daura yana cikin wannan ƙidaya.

Bayan tsiro, ɗaya rabin aikin shi ne tudu da kwari. A Fabrairun 2000 jirgin sararin samaniya na Amurka mai suna Endeavour ya yi kwana 11 yana kewaya duniya da eriyar rada biyu, ɗaya a jikinsa, ɗaya a ƙarshen wani ƙarfe mai tsawon mita 60. Daga ɗan bambancin da ke tsakanin abin da eriyoyin biyu suka ji aka lissafa tsayin kusan kowane wuri da mutane ke zaune. Da fari ɗigon mita 90 aka saki wa duniya, sai a 2014 aka saki na mita 30 na Afirka. Da wannan taswira kwamfuta za ta iya bin kowane ɗigo ta tambayi wane maƙwabcinsa ne ya fi shi gangare, ta zana hanyar da ruwa zai bi, ta nuna inda zai kwanta, ta auna faɗin ƙasar da ke zuba a madatsa.

A ƙasar duwatsu kamar Filato, kuskuren 'yan mitoci ba ya hana komai. Ƙasar Daura kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, tsakanin jigawa da fadama sau da yawa 'yan mitocin nan ne duka bambancin. Ga shi rada ba ta san ƙasa daban itace daban ba, abin da ta fara tararwa shi take aunawa. Layin darbejiya sai ya fito a taswira kamar ɗan tudu mai tsawo, kwamfuta ta juya ruwa ya kauce masa. Titi mai ɗagagge ana ganinsa, kwalbatin da ke ƙarƙashinsa ba a gani, sai a zana tafki a inda ruwa ke wucewa abinsa. Taswirar ta isa a zaɓi hanyar da dogo zai bi, irin layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda ya biyo ta Kazaure da Daura da Mashi. Inda za a sa kowane kwalbati da girman bakinsa kuwa sai ɗan safiyo ya sauka da kayan awonsa, kuma mai hankali a cikinsu yakan tambayi dattijon ƙauye inda ruwa ya kai a shekarar da aka fi yin ambaliya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Akwai abu ɗaya da kallo daga sama ya nuna wanda mai tafiya a ƙasa ba zai lura da shi da sauƙi ba. A 1958 A. T. Grove ya yi rubutu kan tsofaffin tuddan rairayi na ƙasar Hausa, waɗanda a hoton jirgin sama suke kwance layi-layi daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, musamman daga gabashin Kano zuwa Haɗejiya. Iska ce ta jera su dubban shekaru da suka wuce, a wani zamanin fari da Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita, daga baya ruwa ya dawo, ciyawa da itace suka ɗaure su. Jigawar da ake noman gero a kanta a arewacin Katsina da Daura ita ma rairayin iska ce ta wancan zamani. Don haka rairayin da ke binne shuka a Baure farkon damina ba daga Agadas ya taso bara ba. Na wurin ne, an kware masa rufi ya tashi.

Najeriya ma ta shiga sama. Hukumar NASRDA, da aka kafa a 1999, ta harba NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumbar 2003, mai ɗigon mita 32, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a Agustan 2011, na ƙarshen injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi a Ingila. Akwai cibiyar wannan fanni a Jos, akwai makarantar horarwa a Ile-Ife, a Yamai kuma akwai AGRHYMET da aka kafa a 1974 bayan fari. Amma abin da ya sauya wa ɗalibin Daura lissafi shi ne shawarar da Amurka ta yanke a 2008 ta buɗe rumbun Landsat kyauta, Turai ta bi sahu da Sentinel. Manhajar QGIS kyauta ce. A garin da yanzu ke da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri, hoton sama da shekara hamsin na kowace gona yana jiran mai wuta da data da haƙuri. Abin da ya fi tsada shi ne man babur, domin taswirar da ba a je an duba ba zato ce. Ana zaɓen wurare a warwatse, a je kowanne da waya mai nuna matsayi, a rubuta abin da aka tarar: gero, saura, fako, lambu, makiyaya. Rabi a koya wa kwamfuta da su, rabi a ɓoye a jarraba ta. Nan ne ake gane ko ta iya raba fako da gonar da aka gama girbewa, kuma sau da yawa ba ta iyawa.

Wani aiki da wannan rumbu zai yi wa masarautar Daura, wanda bai kai ƙidayar itatuwa suna ba, shi ne na burtali. A hoton ƙarshen Agusta burtali yana fitowa fili, siririn layi mai haske tsakanin koren gonaki, daga makiyaya zuwa mashaya. A jera hotunan Agusta na shekaru a bi layin, za a ga inda ya tsuke, da inda ya yanke gaba ɗaya, da shekarar da hakan ta faru. Wanda faɗinsa ya gaza mita 10 sai an nemi hoto mai kaifi na kamfani, shi kuwa da kuɗi ake saye, kuma ba kowace shekara ake da shi ba. Ko an samu, iyakar abin da zai faɗa shi ne a damina kaza aka fara shuka a nan. Ko sayarwa aka yi, ko aro aka bayar, ko kunya ɗaya-ɗaya aka riƙa ci har hanya ta rufe, wannan sai an zauna a zauren hakimi, da dagaci da arɗo da shaidun da suka ga lokacin da aka kafa iyakar.